Gidan da kake aika wa kuɗi: magana kan bulon matsi

Barkanmu da war haka, na Ajame da na Tireshbil, da ku da ke kan hanya da mota cike da shanu ko buhunan albasa tsakanin Wangolo da Abijan, da kuma iyalanmu na gida da ke kama mu daga nesa. Yau ba za mu taɓa farashin rago ko maganar jami'an kan iyaka ba. Maganar gini za mu yi, domin rani ya shigo, kuma yanzu ne ake bugo muku waya daga ƙauye ana cewa a aiko da kuɗin siminti.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Kai da ke sayar da katako, ko kake tsaye gaban kaskon garba tun asuba, ko kake kwana cikin turke da dabbobin da ka kawo, ba ka mallaki ko taku ɗaya na ƙasar Abijan ba. Haya kake yi, ɗaki ɗaya ku biyar ko ku shida. Waɗanda suka ga abin da ya faru a shekarar 2024 ba sa bukatar a yi musu bayani: an rushe Boribana, an rushe wani yanki na Jesko, a watan Yuni kuma aka tayar da kasuwar dabbobi ta Porbuwe aka maido ta nan Ajame, ana saura kwanaki kaɗan babbar Salla. Tun kafin nan ma ruwa ya sha koya mana darasi. A watan Yunin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci rayuka kusan ashirin a wannan birni, a 2020 kuma ƙasa ta zaftare a Anyama ta binne gidaje da mutanen ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Indeniye cikin damina ya ga yadda titi ke komawa kogi. Shi ya sa kowannenmu zuciyarsa na can gida. Abin da ka tara, can kake zubawa, kana cewa in ƙarfi ya ƙare ga inda zan kwanta.

To, amma gidan can ɗin, tsaye yake?

Daminar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma jihar Maraɗi na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ba kogi ne ya tafi da su ba, ɗaki ne ya rufta musu suna barci. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya zube a farkon watan Satumba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wannan damina na ji mutane da dama na cewa sun gama da ginin ƙasa har abada, sai bulon siminti ko a fasa. Na fahimci mai wannan magana, amma ina ganin ya ɗora wa ƙasa laifin da ba nata ba ne duka.

Ku tuna yadda ɗakin ƙasa ke faɗuwa. Ruwa ya taru a tsakar gida bai samu hanyar fita ba, ya kwana yana jiƙa gindin bango, gindin ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Ko kuwa indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro ya ratsa ta tsakiyar bango. Ta ƙasa ko ta sama, hanyoyin ke nan guda biyu. Magina na da sun san haka, shi ya sa suke yaɓen makuba, suna yin laso da katsi da gashin jima, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba. Masallacin Agadas na nan tsaye da ƙasa, haka ma tsofaffin masallatan Kong da Tengirela a arewacin Kodebuwa, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021. Abin da ya canza shi ne masu hawa soron. Suna nan Ajame suna dako. An bar tsohuwa da mata da yara a gida, ga ruwan da ake yi yanzu yakan zo da yawa a lokaci guda.

Nan ne maganar bulon matsi ta shigo. Mutanen Kodebuwa sun daɗe da saninsa, jewobeto suke ce masa, a Nijar da Burkina kuma za ku ji masu gini na cewa BTC. Yadda ake yinsa ba wani boyayyen abu ba ne. A haƙo jar ƙasa, a tankaɗe, a zuba siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa ta yi damshi kawai, a zuba a injin hannu a danne da ƙarfi. Ba a ƙona shi, ba ya cin itace ko ɗaya. Injin ma tsohon abu ne, wani injiniya mai suna Raul Ramirez ya ƙirƙiro irinsa a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya tun shekarun 1950, kuma yau duk wani ƙwararren mai walda da ya samu samfuri da ƙarfe mai kauri zai iya ƙera shi. Samari biyar ko shida da inji ɗaya suna fitar da ɗaruruwan bulo a yini.

In wani ya ce maka wannan ginin talaka ne, ka ce masa ya je Dandaji a jihar Tawa ya ga masallacin da aka gama a 2018, wanda 'yar Nijar Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara. Da bulon matsi aka yi shi, tsohon masallacin garin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. A Yamai akwai gidajen bene da ake kira Niamey 2000, su ma da irin wannan bulo. A Burkina, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da ƙasa haɗe da siminti kaɗan, ya ɗaga rufin kwano sama iska na ratsawa, a 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar masu tsara gine-gine. Gani ya kori ji. Ku da kuke bin hanyar Konni da Tawa, ratsewa Dandaji ba za ta ci muku yini ba.

Yanzu sai maganar kuɗi, kuma a nan ina so ku buɗe kunne da kyau, don masu tallar wannan bulo sukan wuce gona da iri. Za a ce muku rabin kuɗi ne. Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Bulon matsi da aka fi bugawa tsawonsa santimita 29 da rabi ne, faɗinsa 14, kaurinsa 9, nauyinsa wajen kilo 7. In an sa masa siminti yadda ya kamata, buhu ɗaya mai kilo 50 zai ba da bulo 90 zuwa 140, gwargwadon irin ƙasar. Ya yi yawa a kunne ko? Amma ƙaramin bulo ne, sai ka jera wajen 33 kafin ka rufe mita ɗaya tsawo mita ɗaya tsayi. Bulon siminti kuwa 12 ko 13 sun isa wannan fili. Ka ga ke nan simintin da ke shiga cikin bangon kansa bai bambanta da nisa yadda ake faɗa ba. Ribar tana wani wajen. Bangon da aka jera da kyau ba ya neman filasta ko fenti, jar fuskarsa ita ce adonsa. Ba ka biyan motar yashi daga nesa, tun da ƙasar na bayan gari, amalanken shanu ma ya isa ya kawo ta. Kuɗin ƙwadago yana tsayawa cikin ƙauye a hannun 'ya'yanku. Sai kuma abin da ba a sa wa farashi: cikin watan Afrilu, ɗakin bulon siminti mai rufin kwano tanda ne, wanda ya gina wa mahaifiyarsa irinsa ya san a waje take kwana. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyin dare har rana ta yi nisa.

Ku da ke Tireshbil kuna ganin masana'antun siminti a gefen tashar jiragen ruwa, kuna ganin ƙurar da ke sauka a kan rumfunanku. Dutsen da ake niƙawa a yi simintin ma jirgi ke kawo shi daga waje. A gida kuma, ko na Malbaza ne ko na Sakkwato, kafin buhu ya iso ƙauyen da ba kwalta, kuɗin mota ya hau kansa. Duk buhun da ka rage, ka rage wahala biyu.

Wani zai tambaye ni, ina labarin bulon roba da ake yi a nan Abijan? Gaskiya ne akwai shi. Asusun UNICEF ya haɗa hannu da wani kamfanin Kolombiya mai suna Conceptos Plásticos, aka kafa masana'anta a Yopugon inda ake narka tsofaffin robobi da ledoji ana yin bulo mai shiga cikin juna. An fara gwada shi da azuzuwa a Gonzagbil, a 2019 kuma aka sanar da shirin gina azuzuwa 500. A lokacin an ce Abijan na zubar da tan 280 na roba a kullum, kashi 5 cikin ɗari kawai ake sake sarrafawa. Aiki ne mai kyau, mata masu tsintar roba sun samu mai saye, kuma duk ledar da aka kwashe daga kwata ta rage toshewar da ke jawo ambaliya. Makiyayi ma ya fi kowa sanin sharrin leda, shi da ke ganin abin da ake cirowa daga tumbin saniya a mahauta. Sai dai masana'antar na nan bakin teku, ƙauyenka kuwa sai an keta Burkina kafin a kai. Kada ka zauna jiran bulon roba. Jar ƙasa na nan a bayan gidanku.

To yaya za ka gane na kirki? Don araha ba ta ado, kuma kamar yadda ake buga bulon siminti buhu ɗaya a fitar da hamsin ko sittin, ka taɓa shi da ƙafa ya marmashe, haka za a yi wa wannan ma in ba a sa ido ba.

Fara da ƙasar. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Ƙasar saman gona mai taki da saiwoyi ba ta yi, sai an kwashe ta gefe an haƙa ƙasa da ita. Baƙar lakar fadama mai tsagewa da rani ba ta shiri da siminti. Wurin da kanwa ko gishiri ke fitowa fari a kansa, ku guje shi. Abin da ake so ƙasa mai yashi da tsakuwa ƙanana da yawa, da yumɓu daidai wanda zai riƙe su. Gwajin ba ya bukatar boko: a zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama, kowa ya ga rabonsu da idonsa. In laka ta rinjayi yashi, a ƙara yashi. Wajen kwaɓi kuma, a dunƙule a hannu a saki daga daidai ƙirji. In curin ya tarwatse ya zama gari, ruwa ya yi kaɗan. In ya faɗi ya manne bai fashe ba, ruwa ya yi yawa. In ya rabu gida huɗu ko biyar, an dace.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an buga. Mun saba da tubali, a buga a shanya a rana. Wannan kuwa rana tsaka maƙiyiyarsa ce a kwanakin farko, domin siminti da damshi yake kamawa. Sai an jera shi a inuwa, an rufe da leda, ana yayyafa masa ruwa mako ɗaya ko biyu, kuma ba a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Mai bulon da ya ce maka jiya aka buga, gobe a fara gini, kuɗinka yake so, ba gidanka ba. Kafin ka biya, ka sa a zaɓi bulo uku daga tsakiyar tulin, ba waɗanda ya miƙo da hannunsa ba, a nutsa su a bokitin ruwa su kwana su yini. Na kirki zai fito da kusurwoyinsa a tsaye, ka kankare shi da ƙusa da ƙyar ya yi zane. Na banza za ka tarar da kunu a gindin bokiti. Tun da kana Abijan, ka sa a ɗauko maka hoton wannan gwaji a waya, da fuskar wanda ka amince da shi a ciki.

Wannan ya kawo ni wani wuri mai ɗan nauyin faɗa. Da yawanmu ba ruwan sama ne ya ci mana gida ba, ɗan'uwa ne. Na san wani dattijo mai sayar da albasa da ya shekara uku yana aika kuɗin gini, da ya je gida ya tarar da bango iya gwiwa da sabon babur a ƙofar gida. Ba zan ce ku daina yarda da 'yan'uwa ba, Allah ya kiyaye. Amma ku riƙa aikawa kashi-kashi: na tushe, in an gama an nuna, sannan na bango, sannan na rufi. Wanda zai yi fushi don ka ce a nuna maka, ka riga ka samu amsarka.

Mu koma kan ginin. Bulo komai kyansa, in ka dasa shi kai tsaye cikin ƙasa mai riƙe ruwa, ka yi aikin banza. A nan ne ya kamata ka kashe simintinka ba tare da ƙyashi ba. A yi tushe da dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa kamar tsayin kamu ɗaya, wato wajen santimita 40 zuwa 50, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta a kansa don kada damshi ya hau, sannan a fara jera bulo. A saman tagogi da ƙofofi a zagaye ɗakin duka da ɗamarar kankare mai rodi a ciki, wadda magina ke kira linta, wasu su ce shenaj. Ita ke haɗe bangaye huɗu su zama abu ɗaya, kuma a jikinta ake ɗaure katakon rufi da waya mai kauri, don guguwar farkon damina da ke yaye kwano ta bar mutane a fili. Kwanon kuma a bar shi ya zarce bango da kamar rabin mita, ruwa ya zuba nesa da gindi. In soro ne, indararo ya zama dogo, kuma a sa duwatsu inda ruwan ke sauka. Tsakar gida a karkata ta zuwa rariya, rariyar kuma a tabbatar tana da inda take kai ruwan, ba gindin bangon maƙwabci ba.

Akwai kuma wurin da ko da ƙarfe ka yi gini ba zai tsira ba. Filin da ke cikin kwari, ko bakin gulbi, ko kan tsohuwar hanyar korama da ta shekara goma ba ta kawo ruwa ba, yakan yi araha, kuma dalilin arahar ke nan. Ka tambayi tsofaffin garin inda ruwa ya taɓa kaiwa a babbar damina, su ne ke riƙe da wannan labari.

'Yan'uwana makiyaya, akwai naku kason a wannan magana. Kada a ɗaure dabba jikin bango. Fitsarinta na cin gindin gini fiye da ruwan sama, ga goga jiki, ga lasa. A ja turke baya ko da taku biyar ne. Ɗakin ajiyar dusa da harawa da kuke ta fama da shi duk damina, shi ne wurin da ya dace ku fara gwada wannan bulo, ƙaramin ɗaki ne, in an yi kuskure asarar ba ta da yawa, in ya yi kyau kuma gari duka ya gani. Sannan duk ɗakin da aka yi ba a ƙona bulo ba, an bar muku gawo da ke zubar wa awaki 'ya'ya da rani. Wanda ma yake son ya kauce wa azara da katako gaba ɗaya, akwai ginin da ba itace, mai rufin baka da tuluwa, wanda aka fara koyarwa a Cikal ta yankin Filinge tun 1980, kuma har yau akwai maginan da suka iya shi a Nijar. A Burkina ma ƙungiyar La Voûte Nubienne, da aka kafa a Boromo a shekarar 2000, tana horar da magina kan rufin ƙasa irin wannan. Sai dai ina roƙon masu haƙar ƙasa: kada a haƙa a kan burtali ko kusa da mashaya, kuma ramin da aka bari a san yadda za a yi da shi. Kududdufin bayan gari ya ci yara da 'yan maruƙa ba adadi, ga sauro.

Ga kuma wata shawara ga masu ɗan jari. Kowane ɗayanku na da ƙane ko ɗa da ke matsa masa a aiko masa kuɗin mota ya taho Abijan. Kun san abin da zai tarar: tura baro a Ajame, kwana a baranda, gudun masu kama marasa takarda. In ku huɗu ko biyar 'yan gari ɗaya kuka haɗa, irin adashin da kuke yi, za ku iya sayen inji ɗaya da rariyar tankaɗe da baro da ledar rufi, ku tura yaro ɗaya mai natsuwa ya zauna wurin masu yi ya koya da hannunsa, ba a waya ba. Kasuwarsa ta farko ku ne, ɗakunanku da shagunanku. Ba na ce za a yi arziki a shekara ɗaya ba. Aikin rani ne, yana son ruwa kusa, kuma mutanenmu ba sa sayen abin da ba su ga ya ci damina biyu ba. Magini ma sai an koya masa, don jera wannan bulo na son igiya da ma'auni, ba a ɓoye karkata da filasta. Amma ƙauyen da ke da inji ɗaya da magini ɗaya da ya iya, ya daina jiran motar bulo daga birni.

Wanda ke da niyyar ya shiga sabon ɗaki kafin ruwa, ya ƙirga da baya. Kwana 28 na bulo, da makonnin haƙa da bugawa, da na tushe da jeri da rufi. In ana so a gama kafin hadarin farko na watan Mayu ko Yuni, to a watan Janairu ko Fabrairu ya kamata a ce inji na aiki. Wanda kuma bai da halin sabon gini bana, ya aika ko kuɗin buhu biyu ne a ɗaure gindin ɗakin da tsohuwa ke kwana, a gyara indararo, a buɗe rariya.

Masu tambaya kan gwajin kwalba ko na bokiti su aiko, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya kai mu, ya tsare hanya. Wassalamu alaikum.